Da Wane Harshe Za Mu Tuƙa Jirgin Sama?

Kafin in ce kome, ya kamata in nemi iznin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Na san duk wanda ya buɗe wannan mujalla tamu yana sa ran ya tarar da nazarin waƙa, ko sharhin karin magana, ko muhawara a kan nahawu. To, sai ga ni na zo da zancen jirgin sama, jirgin ma na cikin kwamfuta. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, domin a ganina zancen nan na Hausa ne tsantsa, kuma ya shafi kowane ɗayanmu da ya zaɓi ya ƙare ƙuruciyarsa wajen nazarin wannan harshe.

Ga tambayar da nake so mu yi wa kanmu. Jirgin sama ya fara sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, sa'ad da wasu jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka iso daga Masar. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya kuwa tun 1964 aka kafa ta. Kaduna, garin da aka haife ni, gari ne na sojan sama, har ma an taɓa harhaɗa wani ƙaramin jirgin koyo mai suna Air Beetle a cikinta. Kowace shekara dubban alhazai ke tashi daga filayen jiragenmu zuwa ƙasa mai tsarki. Amma duk da wannan daɗewa, in ka ce wa Bahaushe ya lissafa maka sassan mota, sai ya jero talatin bai numfasa ba. In ka ce ya lissafa na jirgin sama, daga fiffike da taya da kujera sai ya tsaya yana susar ƙeya. Me ya kawo haka? Ni dai a zauren gidanmu na sami amsa, a Unguwar Mu'azu, cikin dogon hutun da ya wuce.

Asalin abin, wani ɗan'uwanmu ne ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka don in riƙa buga aikin makaranta. A cikinta na tarar da wata manhaja mai suna FlightGear, wadda wasu masu sha'awar jiragen sama daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka gina tun cikin shekarun 1990, suke kuma ba da ita kyauta. Ana kiranta wasa, amma babu abokin gaba a ciki, babu harbi, babu maki. Abin da take yi kawai shi ne ta zaunar da kai a kujerar matuƙi, ta jera maka agogai da maɓallai kamar yadda suke a jirgin gaske, sa'an nan ta sa iska da nauyi da mai su bi ƙa'idarsu. In ka yi daidai jirgi ya tashi, in ba ka yi ba ya zauna a ƙasa. Na fara da ɗan ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, ina tashi daga Kaduna in sauka Zariya ko Kano. Da hannuna ya faɗa, sai idona ya kai kan wani farin jirgi siriri mai dogon baki, watau Concorde. Kakata da ta leƙo zaure ta gan shi a allo, sai ta ce, "Maigidan, wannan kuma wace balbela ce ka samo?" Tun daga ranar sunansa ke nan a gidanmu.

Ya kamata in ɗan gabatar da Balbela ga wanda bai san ta ba. Gwamnatocin Ingila da Faransa ne suka ƙulla yarjejeniyar ƙera ta a watan Nuwamba 1962. Ta fara tashi ran 2 ga Maris 1969 daga birnin Toulouse, ta kuma fara ɗaukar fasinja ran 21 ga Janairu 1976, inda guda ta tashi daga Landan zuwa Baharen, guda kuma daga Faris zuwa Rio ta hanyar Dakar. Fasinja ɗari take ɗauka. Tana hawa har ƙafa 60,000, alhali kuwa sauran jiragen fasinja galibi ba su wuce ƙafa 40,000. Gudunta ya kai kilomita 2,180 a awa guda. Tafiyar Landan zuwa New York, wadda ke cin awa bakwai ko takwas, ita a awa uku da rabi take gama ta. Guda 20 kaɗai aka ƙera, 14 daga ciki suka yi jigilar fasinja. Ran 25 ga Yuli 2000 ɗaya ta faɗi jim kaɗan da tashinta daga Faris, mutum 113 suka rasu. A 2003 aka daina aiki da su baki ɗaya, yanzu suna gidajen adana kayan tarihi. Watau yau wanda yake so ya tuƙa Concorde, ko Bature ne ko Bahaushe, sai dai ya tuƙa ta a kwamfuta. A nan dai kam mun zama ɗaya.

Abin da ya bambanta ta da sauran jiragen fasinja shi ne ta fi sauti gudu. Kowa ya san sauti tafiya yake yi. Mukan ga walƙiya, sai an jima mu ji tsawa. In kana kallon mai faskare daga nesa, gatari yakan sauka kafin ƙararsa ta iso kunnenka. Kusa da ƙasa sauti yana cin kimanin kilomita 1,225 a awa, can sama inda sanyi ya yi yawa kuma gudunsa yakan ragu zuwa wajen 1,060. To, Balbela ninki biyu na wannan take yi. In za a kwatanta da hanyoyinmu, da wannan gudu tsakanin Kaduna da Zariya minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi, Kaduna zuwa Kano kuwa bai kai minti bakwai ba. Ko ruwan shayi bai tafasa ba.

Tuƙa ta, ko a wasa, ba aikin gaggawa ba ne. Kafin ka motsa sai ka bi dogon jerin abubuwan dubawa, ka tayar da injuna huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ka sunkuyar da bakin jirgin kaɗan, domin tsawonsa yana kare wa matuƙi ganin titi. In ka hau titin tashi ka danna totur har ƙarshe, sai ka kunna wata dabara da ke feshin ɗanyen mai a cikin zazzafar iskar da ke fita ta bayan inji, mai ya kama da wuta, ƙarfin turi ya ƙaru. Sai gudu ya kai wajen kilomita 400 a awa kafin ka ɗaga ta. In ta tashi ka naɗe ƙafafu, ka miƙar da baki, ka yi ta hawa. Da ka kusa gudun sauti sai ka sake kunna wutar nan, ba za ka kashe ba sai ka wuce shi da nisa. Can ƙoli sararin sama yakan yi duhu-duhu ko da rana tsaka. A waje sanyi ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, amma gogayya da iska takan sa bakin jirgin ya yi zafi har digiri 127, jikinsa kuma ya miƙe ya ƙara tsawo kimanin taƙi guda. Saboda wannan miƙewa wata 'yar kafa takan buɗe a gefen allon injiniya, in jirgi ya huce ta rufe. A tashin ƙarshe na 2003 wasu injiniyoyi sun cusa hulunansu a kafar, jirgi ya huce ya danne su.

Mutum uku ke zama a gaban Concorde: matuƙi, da mataimakinsa, da injiniya. A wasan kana iya bar wa kwamfuta aikin injiniya, kana kuma iya yi da hannunka. Ni sai na ɗora wa ƙanena, wanda yake aji biyu na babbar sakandare, ba ya kuma da buri a duniya sai na aikin jirgin sama. Ni ina kan maɓallai, shi yana riƙe da linzamin kwamfuta. A nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru.

Babban aikin injiniyan Concorde shi ne sarrafa mai. Jirgi a sama kamar sikeli yake. Nauyinsa yana jan sa ƙasa ta wani gurbi, iska kuma tana tallafe shi ta wani gurbi, tilas kuwa gurabun nan biyu su yi daidai da juna. To, da zarar jirgi ya wuce gudun sauti, sai gurbin da iska ke tallafa ya zame baya da wajen mita biyu, gaba ya yi nauyi, baki ya nemi ƙasa. Sauran jirage suna da ƙananan fikafikai a wutsiya da ake gyara irin wannan da su. Concorde ba ta da su. Dabarar da maƙeranta suka yi ita ce, cikin tankunanta 13 sun sa wasu a gaba, ɗaya kuma can cikin wutsiya. In gudu yana ƙaruwa sai a tura mai daga gaba zuwa baya, kimanin tan 20, in za a rage gudu a sauka sai a komo da shi gaba.

Wannan darasi na gurbin nauyi yana cikin littafin kimiyyar da ƙanena yake karantawa. Ya haddace ma'anarsa da Turanci, in ka taɓa shi sai ya zubo ta kamar karatun allo, ya kuma ci ta a jarrabawa. Amma ran da muka doshi gudun sauti, ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka, sai yaro ya tsaya yana kallon allon famfuna. Ya san kalmomin da ke rubuce, bai san inda mai zai nufa ba. Ya ce, "Yaya, gaba zan tura ko baya?"

Kawunmu yana kishingiɗe a tabarma yana jiran la'asar. Shi direban tanka ne, ya fi shekara ashirin yana jan mai daga Kaduna zuwa garuruwan arewa, bokonsa kuwa bai wuce firamare ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, me wannan abin yake wa kuka haka?" Na ce, "Kawu, in jirgin ya yi gudu ƙwarai gabansa yakan yi nauyi, to akwai tankunan mai gaba da baya." Ban rufe baki ba ya tashi zaune yana dariya. Ya ce, "Ashe rinjaye ne! Ai mu kullum da shi muke kwana. Tanka ɗaki-ɗaki ce. In ka sauke ɗakin da bai kamata ba ka bar nauyi gefe guda, mota ba za ta bi hannunka ba. Kai auta, ka taɓa ganin mai jaki yana gyaran mangala? Inda ya rinjaya nan ake ɗiba a zuba inda ya yi sako-sako." Ƙanena ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Kawu, kamar kurar 'yan ga-ruwa ke nan, in jarkokin gaba suka fi yawa sai ta kife da baki?" Kawu ya ce, "Ka gama karatu." Yaro ya buɗe famfunan da ke kai mai wutsiya, ƙararrawa ta yi shiru, Balbela ta daidaita ta wuce. Tun daga ranar bai sake tambayata gaba ko baya ba, ya ma riƙa tura man tun ƙararrawa ba ta yi kuka ba.

Abin da shekara biyu ta hadda ba ta yi ba, kalma biyu ta Hausa ta yi shi cikin minti ɗaya. Na ɗauko littafin rubutu na ajiye gefen kwamfuta, duk kalmar da ta fito daga bakin wani a zauren nan sai in rubuta. Ban ƙirƙiri ko ɗaya ba, aiki ne ya haife su. Wutar nan da ake ƙara wa inji, wani maƙwabcinmu mai aikin ƙira a Panteka da ya ga harshenta a allo ya ce, "Ai zuga ta aka yi." Sai ta zama zuga, a ce kunna zuga, kashe zuga. Wurin zaman matuƙa Kawu ya kira shi kai, kamar yadda ake cewa kan mota. Agogon gudu bai ba mu wuya ba, maleji ne. Sauke tayoyi ya zama miƙe ƙafa, mayar da su ya zama naɗe ƙafa. Wuce gudun sauti kuwa yara suka ce jirgi ya tsere wa kukansa.

Wadda aka fi yin gardama a kanta ita ce na'urar nan da ke riƙe jirgi ita kaɗai in matuƙi ya saki hannu. Yaran unguwa da ke cika zaure suka sa mata aljani, a ce ba aljani tuƙi. Kakata ta ji, ta aiko cewa ba a gidanta za a riƙa kiran wannan suna bayan magariba ba. Ni na kawo wata doguwar fassara irin tamu ta 'yan makaranta, mai kalma biyar, ba wanda ya ko maimaita ta, domin kafin ka gama faɗinta jirgi ya ci kilomita uku. Daga ƙarshe ƙanwata, da ke wucewa da tire, ta ce, "To ba riƙon ƙwarya yake yi wa matuƙin ba?" Kowa ya yi tafi. Mai riƙon ƙwarya yana gudanar da mulki, amma sarautar ba tasa ba ce, in mai ita ya dawo sai ya miƙa. Ina ƙalubalantar kowane kwamiti ya kawo wadda ta fi wannan.

Da muka ƙware sai muka fara dogayen tafiye-tafiye. Mun tashi daga Kano mun sauka Jidda cikin awa biyu da ɗoriya, kakata tana ta salati, tana tuna kakanta da ya tafi a ƙasa ta Chadi da Sudan, bai komo ba sai bayan shekara bakwai. Amma a jirgin gaske wannan tafiya tana da wani cikas da wasa ba ya nunawa. Jirgin da ya fi sauti gudu yana tara iska a gabansa, taruwar nan kuma takan faɗo ƙasa da ƙara mai ƙarfi sau biyu a jere, wadda ke girgiza tagogi ta firgita dabbobi. Mu a zaure mun kira ta tsawar rani, domin tsawa ce ba hadari. Ba sau ɗaya take faɗowa ta wuce ba, bin jirgin take yi duk inda ya ratsa muddin yana wannan gudu. Abin mamaki, waɗanda ke cikin jirgin ba su jin kome, suna cin abincinsu lafiya lau. Na ƙasa ke sha. Saboda haka ne Amurka ta hana irin wannan gudu a kan ƙasarta a 1973, wasu ƙasashe ma suka ƙi, sai Concorde ta koma bin teku. Wannan, da tsadar mai da ta biyo bayan rikicin 1973, su ne manyan dalilan da suka sa kamfanonin da suka yi niyyar saye suka janye.

Akwai wata tafiya da na bi a wasan wadda ta fi kowace tsaya mini a rai, domin ta faru da gaske, kuma a samaniyar maƙwabtanmu. Ran 30 ga Yuni 1973 an yi wani dogon husufin rana da ya ratsa Sahara. Mai kallo daga ƙasa, ko a wurin da ya fi daɗewa, duhun bai wuce masa minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi ba, domin inuwar wata gudu take yi a bisa doron ƙasa. Sai wasu masana taurari na Faransa da Ingila da Amurka suka ce, me zai hana a bi inuwar a guje? Aka ɗauko Concorde ta farko, aka huda mata tagogi a rufi, aka cika ta da na'urori. André Turcat, wanda ya fara tashi da ita a 1969, shi ya tuƙa. Suka tashi daga Las Palmas, suka tari inuwar a kan Muritaniya, suka bi ta ta kan Mali da arewacin Nijar, suka zauna cikin duhun har minti 74, sa'an nan suka sauka a Fort-Lamy, watau Njamena ta yanzu.

Da na bi wannan hanya a allo, rairayi yana wucewa a ƙarƙashina, sai na tuna cewa 1973 shekara ce ta baƙin fari a wannan yanki, dabbobi suna mutuwa, mutane suna ƙaura zuwa kudu. Ilmin da aka kwaso daga samaniyarsu an rubuta shi da Faransanci da Turanci. Wanda ke ƙasa a kan hanyar jirgin, Buzu ne ko Bahaushe ko Tubawa, in ya sami wani rabo to tsawar ce. Ban faɗi haka don in zargi masanan ba, aikinsu suka yi, kuma aiki ne mai kyau. Na faɗa ne domin hoton nan shi ne hoton harshenmu game da jirgin sama: muna ƙasa, muna ɗaga kai, muna jin ƙara.

Ku duba kalmomin da muke da su. Jirgi mai saukar ungulu, tauraron ɗan'adam, ɗan sama-jannati, kumbo, wanda har Alhaji Mamman Shata ya yi wa waƙa bayan tafiyar Apollo 11. Kalmomi ne masu daɗi, ma'aikatan rediyo da jarida kuma sun cancanci yabo a kansu. Amma dukansu kalmomin mai kallo ne, suna faɗin yadda abu yake a ido daga nesa. Yanzu ku duba na mota: sitiyari, birki, giya, totur, lagireto, salansa, maleji, karen mota, ɗan kamasho. Wasu aro ne da harshe ya tauna ya mayar nasa, wasu kuma gina su aka yi a gida, amma dukansu kalmomin mai aiki ne, na wanda hannunsa ya yi baƙi da mai. Ba wanda ya kira taro don a samo su. Bahaushe ya kama sitiyari, ya shiga ƙarƙashin mota, ya koya wa yaronsa da Hausa, kalma ta fito don dole. Jirgin sama kuwa fasinja muka shige shi, 'yan kaɗan daga cikinmu da suka kai ga tuƙi da gyara da Turanci suka koya, da shi kuma suke aiki. Harshe ba ya haihuwar kalma a inda hannun masu shi bai kai ba.

Mu kanmu shaida ne. Keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da malamanmu suka tattara, waɗanda aka buga a 1990 ƙarƙashin editancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad, sun rayu ne domin akwai azuzuwan da ake aiki da su kullum. Muna cewa ɗafi da tsarin sauti da ginin jimla ba tare da mun tsaya tunani ba. Da an buga su an ajiye a kanta babu mai koyarwa da su, da tuni gara ta gama da su.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu abar dubawa ce. Na farko zai ce wasa wasa ne. Gaskiya ne, wanda ya tuƙa a kwamfuta bai zama matuƙi ba, domin jikinsa bai ji turin inji ba, ransa kuma bai taɓa zama a hannunsa ba. In an ɗauke wuta batir ya ƙare, jirginmu yakan ɓace a tsakiyar Sahara ba wanda ya ƙwarzane. Amma tun 1929 da wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin koyon tuƙi a ƙasa, ake horar da matuƙa da irin wannan dabara, har yau kuwa ba a ba matuƙi babban jirgi sai ya yi awoyi a na'urar kwaikwayo. Mu ma ai da motar kara da ta gwangwani yaranmu suka fara sanin gatari da taya. Jirgin gaske ya fi ƙarfin aljihunmu, amma ga wata ƙofa ta buɗe da ɗan talaka zai sa hannu a kan agogai ya ga dalilin kowane ɗaya.

Na biyu zai ce harshen jirgin sama Turanci ne a duniya duka. Wannan ma gaskiya ne game da magana tsakanin matuƙi da hasumiyar filin jirgi in an ƙetare iyakoki, ba kuwa wanda ya ce a sauya, domin rayuka ne a ciki. Amma magana da hasumiya dabam, fahimtar dalilin da ya sa jirgi ke tashi dabam. Bafaranshe da Faransanci yake fahimta, ɗan Rasha da harshensa ya ƙera nasa jirgin mai gudun sauti, Tu-144, wanda ma ya riga Concorde tashi, ran 31 ga Disamba 1968. Kai, su maƙeran Concorde a kan baƙi ɗaya tak sai da suka yi shekaru suna ja-in-ja: Ingilishi suna rubuta sunan babu harafin ƙarshe, Faransawa suna sa shi, sai a Disamba 1967 ministan fasaha na Ingila, Tony Benn, ya amince da rubutun Faransawa. Mutanen da suka iya ƙera wannan jirgi ba su ɗauki harshe abin wasa ba. Me zai sa mu da ba mu ƙera ba mu ɗauke shi haka?

Maganar kuma ta wuce jirgi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamba 2025 kuma aka janye wannan manufa. Duk lokacin da aka tayar da zancen, hujjar da akan jefe mu da ita ita ce harsunanmu ba su da kalmomin kimiyya. In muna so mu amsa, ba da fushi za mu amsa ba, da kalmomin za mu amsa, waɗanda an gwada su a bakin aiki sun zauna.

Saboda haka ina da shawara uku ga Ƙungiyarmu. Ta farko, kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya ɗauki littafi ya zauna a gareji, ko maƙera, ko wurin masu gyaran waya da janareto, ya rubuto kalmomin da suke aiki da su da yadda suke sa su a jimla. Ta biyu, a Makon Hausa mai zuwa a ajiye kwamfuta da wannan manhaja, tun da kyauta ce, a gayyato 'yan'uwanmu na sashen injiniya da na kimiyya, da direbobi, da duk wani tsohon ma'aikacin jirgin sama da za a samu, a sa su tuƙa tare bisa sharaɗin kada kowa ya yi Turanci, mu kuwa mu zauna gefe da alƙalami. Ta uku, wannan mujalla ta keɓe shafi guda a kowace fitowa don irin waɗannan kalmomi, a bar masu karatu su yi gardama a kansu. Wadda ta zauna a baki ta zauna, wadda ta faɗi a bar ta. Aikinmu mu tattara mu tace, kamar yadda Bargery ya bi kasuwanni da ƙauyuka kafin ya fitar da ƙamusunsa a 1934.

A shekarar da Concorde ta daina tashi, a ita ce jiragen kamfanin Nigeria Airways ma suka daina. Amma duniya ba ta haƙura da gudun sauti ba. A Janairu 2025 wani jirgin gwaji na kamfanin Boom a Amurka ya tsere wa kukansa, ana kuma ta binciken yadda za a rage tsawar. Ko ba jima ko ba daɗe wata balbelar za ta sake ratsa samaniyarmu. Fatana shi ne ran da za ta ratsa, a ce akwai ɗan Unguwar Mu'azu ko ɗan Maraɗi zaune a kai, wanda zai yi magana da hasumiya da Turanci, in ya dawo gida kuma ya iya bayyana wa kakarsa da Hausa abin da ya riƙe shi a sama. Masu iya magana sun ce da hannu kan san na ƙwarya ya yi zafi ko ya huce, haka nan harshe. Allah ya ba mu ikon yi wa Hausa hidimar da za ta amfani na baya, amin.